Akuyar da Gajiya ta Yanka

A Jiratawa na tashi, a hannun kakata wadda muke ce wa Iya. Mu biyar ne jikokinta a gidan, iyayenmu duk suna can wajen nema. Nama sai da salla. Abincinmu bai wuce wake da zogalen da take tsinkowa a garka ba: yau kwaɗo da ƙuli-ƙuli, gobe ɗan wake da mai da yaji, jibi tuwon gero miyar kuka wadda daddawa ce kaɗai gatanta.

Wake ba ya nuna da wuri, ko an jefa masa kanwa. Bayan magariba sai mu kewaye murhu, kowa da kwanonsa a cinya, ƙananan suna ta ƙunƙuni. Iya takan zauna a kan turmin da ta kwantar, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta tura kara cikin wuta.

"Ku yi mani shiru, ga ta nan tafe," in ji ta.

"Ta iso mu ji ta, Iya."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mace mai 'ya'ya bakwai da akuya ɗaya. Shekarar ta zo da yunwa. Kullum matar tana dafa musu ganye, ta tatsi akuyar ta ɗiga wa kowa nono a fura. Yaran suka ce su fa sun gaji da ganye, nama suke so. Da safe kuka, da rana kuka. Akuyar ta ji, ta ce wa matar, "Uwar gida, in kin yanka ni, ku ƙoshi yau da gobe. In kin bar ni, in kai ku damina." Matar ta ce ta sani. Amma kukan bai tsaya ba. Ran nan ta dawo daga daji da itace a ka, ƙaya ta soke ta a ƙafa, ta tarar da su bakwai a bakin ƙofa suna kiran nama. Ta sauke itacen, ta kira maƙwabci ya kawo wuƙa. Suka ci, suka lashe hannu. Kafin ruwan fari ya sauka, sun watse gidajen dangi, kowa inda aka karɓe shi.

Nan Iya takan buɗe tukunya, ta latsa ƙwayar wake tsakanin yatsu. "To, laihin wa?"

Mukan ce na yaran ne, don mun san da mu take.

"A'a. Su ɗiya ne, kuka aikinsu ne."

"To na uwar ne."

"Ita ma a'a. Gajiya ce ta yanka akuya. Ku miƙo kwanoninku."

Ban gane ba, ban kuma damu ba, tunda wake ya nuna.

Yanzu ina zaune a Tsibiri da 'ya'ya huɗu. Kullum da sassafe nake shiga Maraɗi, ina wanki da shara a wani gida a unguwar Zariya, in dawo da la'asar sakaliya bayana kamar an daka. Bara maigidana, wanda kabu-kabu ce sana'arsa, ya faɗi da moto ya karye a cinya. Tukunya ta koma irin ta Iya. Na iya sauya mata fuska: dambu da zogale, faten kabewa, shinkafa da wake, wani lokaci awara. Muna da kaji biyu masu ƙwai, su ne ke kai yaran lakwal, wato makaranta, da wani abu a ciki.

Wata ranar Alhamis na dawo, ban ko cire hijabi ba, Nafisa autata ta ga wake a faifai ta fashe da kuka. "Mama, wake kuma? Gidan su Hadiza nama suka ci." Yayyenta duk suka zuba mini ido. Na ji wani abu ya tsinke mini. Na bi kaza ɗaya na kama, na ɗauko wuƙa, na kai wa maigidan inda yake kwance a tabarma.

Ya dubi kazar, ya dube ni. "Maman Sani, tun safe kin ci wani abu?"

Na girgiza kai.

"Saki kazar nan. Sani, jawo mani faifan waken. Ke kuma shiga ki kwanta."

Shi da bai taɓa riƙe muciya ba, ya ja jiki zuwa bakin murhu, ƙafar a miƙe, yana tsintar wake yana ba yaran umarni. Ina daga ɗaki ina jin su har barci ya ɗauke ni. Da na farka na tarar da nawa a rufe. Gishiri ya yi yawa, ƙasan ya kama. Na cinye tas.

A ranar na fahimci abin da Iya take nufi. Matar nan ta san gaskiyar akuyarta, ba wayo ta rasa ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai karɓar mata tukunya yini ɗaya. Sai na tuna ita ma Iya ba ta da shi. Mu biyar ta ciyar shekara da shekaru, ban taɓa jin wani ya tambaye ta ko ta ci ba, Allah ya jiƙanta.