Mun Kai Agogon Baba Sabis

Shekara goma ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Kagoro, bayan gidan kakanmu a gindin dutse. Kowace shekara Yaya Bulus yakan ce tunda ni ce malamar makaranta, ni ya kamata in rubuta wani abu a kansa. Ni kuma in ce masa me zan faɗa wanda Fasto bai faɗa ba ranar jana'iza? Bana dai na ɗauki biro. Amma kada mai karatu ya sa ran ganin hawaye, don na neme su ban samu ba. Maganar agogonsa kawai zan yi.

Baba hedimasta ne. Ranar da aka yi masa bikin ritaya, wani tsohon ɗalibinsa da Allah ya buɗa wa hanya a Legas ya zo ya ɗaura masa agogo a hannu. Ƙirar Siwizalan ne, ba ya cin batir, sai an wana shi da hannu kowace safiya. Baba ya yi godiya irin wadda yakan yi in an kawo masa doya. Bai taɓa tambayar kuɗinsa ba. Da shi yake zuwa sujada, da shi yake tsayuwa a layin fansho, da shi yake noma a gonarsa ta Manchok. Ana idar da addu'ar safe sai ya cire shi ya wana, kafin ya ce wa kowa ina kwana.

A asibiti a Kafanchan ya cika. Nas ta miƙo wa Mama kayansa a leda: tabarau, silifa, da agogon yana ta tafiyarsa. Washegari gida cike da masu gaisuwa, matan zumuntar coci suna waƙa a tsakar gida, na shiga ɗaki na tarar da Mama tana wana shi. Daga ranar ba ta yi fashi ba. Ba don ta san lokaci take yi ba, domin yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, ko allurar agogon ba ta gani. Takan wana, ta kai kunne, ta saurara, ta mayar ƙarƙashin matashi. Mun saba da abin har mun daina ganinsa.

Bara agogon ya fara ciwo. Sautinsa ya yi ƙasa, yana ja da baya, wani lokaci sai ta girgiza shi kafin ya ci gaba. Mama ta koma wana shi safe da rana da yamma. Ta daina zuwa zumunta, ta daina cin abincin kirki, jininta ya hau. Likita ya tambaye ni ko akwai abin da ke damunta a gida. Haba, yaya zan buɗe baki in ce wa likita agogo ne? Na ce tsufa ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na san tsoronta ɗaya ne, kada abin nan ya tsaya a hannunta, kuma na san in aka bar ta haka tsoron zai kwantar da ita.

Mai gyaran agogo na kasuwar Kafanchan ya juya shi, ya mayar mini, ya ce ba shi da kayan buɗe irinsa. Yaya Bulus, da yake a Abuja yake aiki, shi ya samo inda ake yi a can. A nan muka koyi abin da ba mu sani ba. Ashe agogo irin wannan kamar injin niƙa yake, akwai mai a cikinsa, man yakan bushe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Bayan 'yan shekaru ake so a kai shi sabis, a warware shi kaf, a wanke kowane ɗan haƙori, a canza abin da ya cinye, a sa sabon mai, a sake haɗawa. Na Baba kuwa tun da ya fito daga kanti ba a taɓa buɗe shi ba. Wasu kayan ma sai an aiko daga waje.

Da Yaya ya faɗa mini kuɗin aikin, sai da na nemi kujera. Ya kusa kuɗin sabon babur. Nakan zauna in yi tunanin abin da Baba zai ce da yana nan, mutumin da yakan juya ambulan ɗin wasiƙa ya sake amfani da ita. Zai cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko wayoyin da ke hannunmu sun daina nuna lokaci ne. Zai tambaya yara nawa kuɗin nan zai zaunar a aji. Da kuma ya ji abin da agogon kansa zai yi a kasuwa yau, ina jin dariya zai yi har ya yi tari, ya ce ashe da gida yake yawo a hannu yana biyan hayar ɗaki a Kafanchan. Ni kuwa sai dai in ce masa ba agogo muke biya wa ba, Mama muke biya wa.

Shawo kanta ya fi neman kuɗin wuya. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ladi, in sun buɗe shi, zai tsaya?"

Na ce, "Zai tsaya, Mama. Amma za su tashe shi."

Daga ƙarshe ta yarda, Yaya ya zo ɗauka. Ta wana shi har ƙarshe, ta sa masa a tafin hannu, ta ce ya yi sauri, aƙalla agogon ya wuce Jere, a hanyar Abuja, yana tafiya.

Lokacin muna shirin sujadar godiya ta cika shekara goma. Duk ɗan ƙasarmu ya san yadda muke yi. Kabari sai an shafe shi da sabon fenti, a nome ciyawar kewaye, a yi wa gida farar ƙasa, a ɗinka anko, a wanke har kujerun da ba wanda zai zauna a kai. Haka muke girmama mamaci, kada baƙi su zo su ce 'ya'yansa sun yi watsi da shi. To ana cikin wannan hidima mai gyara ya kira Yaya a waya, ya ce ciki ya kammala, saura waje. A goge jikin? A canza gilashi da maɗauri? Har ya ƙara da cewa wasu masu irin wannan agogo ba sa so a taɓa. Yaya ya ce na tunawa da mahaifinmu ne, a yi masa komai. Ban ga laifinsa ba. Ko ni aka kira, ko Fasto, ko wani daga cikin dattawan ikilisiya, amsar ke nan.

Agogon ya dawo ana jibi taro, cikin ɗan akwati mai laushi, yana ƙyalli. Gaskiya an yi aiki. Sautinsa ya fito tsaf, mai gyara ya ce in ana kula da shi jikokinmu ma za su ɗaura. Yaya ya durƙusa ya sa wa Mama a hannu, yana murmushi yana jiran albarka.

Ta kai kunne. Ta sauke. Sai na ga babban yatsanta yana zagaya gefen agogon, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Ashe akwai wata 'yar loɓa kusa da abin wanawa, inda fartanya ta taɓa bugunsa a gona, kuma a nan take ɗora yatsa kowace safiya. Mu masu ido ba mu taɓa lura da ita ba. An goge ta sumul. Ta kai maɗaurin hanci. Tsohuwar fatar da ta sha gumin Baba, ta lanƙwashe daidai kaurin hannunsa, an sa sabuwa a madadinta. Yaya ya fita waje da sauri ya kira Abuja. Suka ce tsohuwar ta bi shara tun tuni.

Mama ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta miƙa masa agogon, ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka. Ka riƙe, kai ne mai zuwa ofis."

An yi taro, an ci an sha, an watse. Mutane suka yaba fentin kabari. Garin neman gira mun rasa ido, ko kuwa mun sauke wa tsohuwa kayan da ta daɗe tana ɗauke da shi? Ana tambayata ko sabis ɗin ya ci kuɗinsa, nakan ce ban sani ba, kuma ba ƙarya nake yi ba. Jinin Mama ya sauka. Tana cin abinci, ta koma zumunta. Ba ta sake ambaton agogon ba, ba ta kuma sake ambaton Baba a addu'ar safe ba. Me ya rage nasa? Ɗalibansa suna nan, wasu har yau sukan tsayar da ni a hanya su kwaikwayi muryarsa. Gonar tana nan. Agogon yana Abuja yana tafiya daidai, ya fi kowane lokaci lafiya.

Makon jiya na je Kagoro. Na same ta zaune a bakin gado, ta jawo akwatin tufafinsa tsakiyar ɗaki. A al'adarmu tun shekarar farko ake raba wa ƙannen mamaci kayansa, ita kuwa ta hana kowa taɓawa, dangi suka gaji suka bari.

"Ki kai wa baffanninki," ta ce. "Ba ya ɗakin nan kuma."

Na zauna a ƙasa na naɗe su ɗaya bayan ɗaya, kwat ɗin sujada, rigunan makaranta, wandon gona. Ina jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Mama ta ce in laluba aljihunan kafin in bayar. Na laluba duka, babu komai a ciki.