Faɗuwar da Baba ya ɓoye a ƙarƙashin hula

Ni ne ɗan fari, a lokacin ma'aikacin ofis kusa da tashar jiragen ruwa, mai takalmi sau-ciki da Faransanci mai santsi. A gidanmu na unguwar New Bell, in likita ya yi rubutu ni ake jira in karanta, in ciwo ya gagari suna ni ake jira in raɗa masa. Ba wanda ya naɗa ni wannan muƙami, ban kuma taɓa tunanin ajiye shi ba.

Baba ke jan salla a ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Wata la'asar ta damina ya sallame a raka'a ta uku. Mamu suka yi masa tasbihi, ya juyo ya dube su kamar su ne suka yi kuskuren. Aka ce rafkanwa ce. Sai ya fara kiran ƙanwata da sunan yayarsa da ta rasu, ya tsaya a bakin layi yana tambayar hanyar gidan da ya gina da kansa. Na duƙufa karatu a waya kan yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa da tsufa, na tara ƙannena na yi musu lacca har da zane. Na yanke cewa ruɗewar tsufa ce, ba ta da magani, abin da ya rage mu rufa masa asiri. A unguwarmu, a ce liman ya ruɗe, labari ne da zai kai har unguwar Nylon kafin magariba, ya dawo da sunan hauka, ya taɓa har auren ƙannena mata. Muka ce wa jama'a ciwon gwiwa ne, muka zaunar da shi a ɗaka.

Da ya fara jan ƙafar dama, kofi na suɓuce masa, yana barci a tsakiyar magana, Mama ta kafe sai an je asibiti. Na kai su don kawai hankalinta ya kwanta. Likitar ta tambaya ko ya taɓa faɗuwa ya bugu a ka. Na ce sam, da Faransancin da ba ya barin ƙofar gardama. Mama ta ja hannun rigata ta ce in gaya mata abin da baiwar Allahn nan ke tambaya. Na fassara. Ta dubi Baba yana gyangyaɗi, ta ce Allah ya yafe mata, yau za ta karya alkawari. Ashe a farkon damina ya je ta'aziyya unguwar Logbaba a kan bansikin, babur ɗin hayar da ni da bakina na hana shi hawa. Babur ya zame a taɓo, kan Baba ya daki gefen lambatu. Ya dawo ya sa ta yi alkawarin kada Mushe ya ji. Mushen nan, wato Malam da Faransanci, ni ne. Ta wanke rigarsa da ta ɓaci da taɓo, ta shafa masa man zafi, hula ta rufe sauran. Wa zai ce wa mahaifinsa ya cire hula a duba?

Hoton kai ya nuna jini ne ya taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, yana danne ƙwaƙwalwa. Likitar ta ce ƙwaƙwalwar tsoho takan ɗan tsuke, jijiyoyin da ke kewaye da ita su miƙe, sai ƙaramin bugu ya sa su tsiyaya makonni ba a sani ba. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi. Ban tambaye ta wace magana ba.

Aka yi aiki, aka zuƙe jinin. Ba ranar ya dawo hayyacinsa ba, amma ya dawo. Wata safiya ya kira ƙanwata da sunanta, ya tambayi wa ke jan salla. Da aka gaya masa, ya ce wannan ai sai gwiwar tsofaffi ta ƙage kafin ya yi ruku'u. Mama ta fita tsakar gida tana dariya tana share hawaye. Ni kuma ya dube ni ya ce ya ji an ce ciwon gwiwa yake yi, to wace gwiwar ce, don ya san wadda zai ɗingisa a gaban mutane.

Na san ba kowace mantuwa ke ƙarewa haka ba. Akwai wadda ba ta juyawa, Allah ya ba masu jinyarta haƙuri. Amma ba a waya ake bambance su ba, ba kuma a ɗaka ba. Duk wanda tsohonsa ya canza cikin ɗan lokaci, ya kai shi a duba, ya tambaya ko ya faɗi, ya kuma tambayi wadda ke wanke masa riga. Kada ka zama ɗan da iyayensa ke ɓoye wa ciwo don gudun lacca. Baba ya koma jan salla. Ranar da zai je Logbaba, ni nake kai shi, kuma a hanya shi ke magana.