Goggo Kenjekan, Wadda Ta Juya wa Manya Baya

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayu, Allah Ya karɓi ran Goggo Kenjekan a ƙauyenmu na ƙasar Naryn, tana da shekara saba'in da tara. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Goggo, shekara hamsin kina rera koshok, waƙar makokin nan da mata ke yi a cikin tanti, fuska ga bango, baya ga jama'a. Babu gidan da ba ki yi wa kuka ba, kuma ba ki taɓa karɓar ko ɗankwali ba. Ranar da mahaifiyata ta rasu bakina ya mutu, ke kika zauna a bayana kina raɗa mini baiti ina maimaitawa.

Bara wani kamfanin fasa dutse ya shafa jan fenti a maƙabartarmu, wai ta nan hanyar motocinsa za ta bi. Aka kira taro, manyan kamfanin ma suka zo. Esengul, shugaban majalisar ƙauye, ya ambaci kakanni har muryarsa ta karye yana hawaye, maza suka ce kai, wannan akwai kishi. Ni kuwa da na tashi in yi magana hawaye ya zo mini, sai ya ce, "'Yata, zauna ki sha shayi. Nan ba gidan makoki ba ne." Aka yi dariya. Har yau abin yana ci mini rai.

Sai kika miƙe da sandarki. "Esengul, naka hawayen kishi ne, nata kuma ruwan wanki ko? Ni na share maka majina, yaro."

Kika juya wa manyan baƙi baya, kika fuskanci bango, kika riƙe ƙugu, kika fara koshok. Kika kira mamatan da ke ƙarƙashin fentin ɗaya bayan ɗaya, har da mahaifiyar Esengul da irin burodin da take gasawa. Kowa ya san ba a katse mai koshok, don haka suka zauna dole har kika gama. Aka ɗage maganar, amma ba a soke ta ba, kuma wata mai zuwa za a sake zama. An ce in rubuta jawabina, in cire kuka. Ba zan cire ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa 'ya'yanki Nurlan da Cholpon ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙurin rashi.

Masu kamfani kuwa su sani, Nurlan ya cika wasiyyar mahaifiyarsa. Kabarinta yana kan jan fentin nan daidai, tsakiyar hanyarsu.