Mai Gam

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zama a kan benci ɗaya a bayan shagon furanni, har an manta sunanta, kowa Mai Gam yake ce mata. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauko kaktus, ɗan tsiron nan mai ƙaya, dunƙulalle kamar albasa, ta ɗiga masa gam mai zafi a ka, ta manna furen roba. Masu saye su yi ta yabo wai furen ba ya bushewa. To ina zai bushe, abin da ba shi da rai?

Ƙyamar aikin nan take yi. Gam ɗin ƙona fatar tsiron yake yi, wurin ya yi baƙi, wani ya ruɓe ta ciki ya riƙa tsiyayar ruwa mai ɗoyi. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya uku, amma ko tukunyar kaktus ɗaya ba ta taɓa kaiwa gida ba. Kunyar 'ya'yan take ji.

Akwai wani ƙanƙani da ta ɓoye bayan buhunan yashi, ta hana gam ya taɓa shi. Shekara huɗu tana ba shi ruwa da cokali. Ita da ta manna furanni ba iyaka, ba ta taɓa ganin furen kaktus na ainihi ba, kuma shi kaɗai take so ta gani. Ran wata Talata sai ya fito da ɗan kan fure ja, gobe ko jibi zai buɗe.

Tana tsugune tana kallo sai ga mai shagon a kanta, yana sakace haƙori.

"Mama, wannan fa?"

"Oga, fure zai yi, na gaskiya. Don Allah a bar shi zuwa jibi in gani."

"Na gaskiya? Kwana biyu ya yanƙwane, a dawo mana da kaya ana zagi." Ya sa dogon farcen nan nasa da yake sosa kunne da shi, ya tsinke, ya goge a wando. "Manna masa fure ruwan ɗorawa, wata tana jira a gaba."

Ta ɗiga gam ɗin daidai inda ruwa ke tsattsafowa daga ciwon. Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne hannunta, ko rawa bai yi ba. Furen ya zauna daram, ya ma fi na kullum kyau.