Hannun Na'ibi da Moton Zarto

Na'ibi kafinta mutumin Badarawa ne, amma a Kaura Namoda ya yi suna. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ya sauka garin, daga shi sai guduma da zarton hannu, sai kuma taurin kai, wanda dama gado ne a gidansu. Sababbin ofisoshi na neman tebura, da Shari'a ta zo kuma Islamiyoyi suka yi ta ba da aikin benci. Har ya kai ga sayen injin tsaga katako.

Wutar unguwarsu mai layi ɗaya ce, ba mai layi uku irin ta masana'antu ba, saboda haka kowane moton lantarki a shagon irin nata ne, kuma kowanne da halinsa. Na injin huda katako mai burushin gawayi ne a ciki, ga ƙanƙanta ga ihu. Na fanka ba ruwansa, da an kunna ya tafi. Babban, na zarto, shi ne mai kwandensa, wani ɗan gwangwani a gefe da ke ba shi turin farko. Da gwangwanin ya mutu, sai moton ya riƙa tsayawa yana gurnani. Muhtari mai gyaran moto ya ce a sauya. Na'ibi ya ce a kan me? Ya kunna, ya yi bisimilla, ya fizgi bel ɗin da ke juya zarton da hannu, inji ya kama. Haka ya zauna shekara da shekaru, har yana alfahari da abin a gaban mutane.

Matarsa Sa'adatu ce abin ya hana sukuni. "Malam, hannun ga hwa shi na abincinmu," in ji ta. "In ya tahi, mi za mu yi?" Sai ya yi dariya ya ce su mata sun cika tsoro.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar mutanen ƙauyen Banga na jiran bencinansu. Gaggawa ta hana shi tuɓe babbar riga. Ya kunna, ya fizgi bel, bel ya naɗe hannun rigar, ya ja shi zuwa bakin zarto. Har ya ji iskar haƙoran a bayan yatsunsa. A daidai nan aka ɗauke wuta, rigar da ta cushe ta ƙarasa tsayar da injin.

Na'ibi ya zube a kan garin katako yana salati. Da ya iya miƙewa, shagon Muhtari ya nufa ya ce a sauya kwandensan, bai ko tsaya ciniki ba.

A gida Sa'adatu ta ga yagaggiyar riga. Ya buɗe baki zai yi ƙarya cewa ƙusa ce ta yaga ta, ta tare shi.

"Miƙo hannun."

Ya miƙa. Ta juya shi ciki da waje, ta taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, tana dariya. Ba ta sake shi ba har tuwo ya huce.