Kujerar da Ban Tashi Ba

Na yi ritaya daga koyarwa ina da shekara hamsin da biyar, da sauran ƙarfina, har gero nake nomawa da hannuna. A lokacin ƙungiyar ci gaban garinmu tana da wata bas mai ɗaukar mutane daga Kebbe zuwa Tambuwal sau biyu a mako. Kowa na biya, ban da tsofaffin da suka haura saba'in.

Mu 'yan fansho muka ga ai mu ma mun bauta wa jama'a, ya kamata a ɗauke mu kyauta. Ni na rubuta takardar koken, don an ce na fi iya alƙalami. A wurin taro direban motar ya miƙe ya ce, "Malam, kuɗin masu biya su ka sayen mai. In kun shiga kyauta, motar ga ba ta ɗorewa." Na ce masa ya tsaya ga sitiyarinsa. Aka yi dariya, na ji daɗi. Aka amince mana.

Ba a jima ba tafiya ta koma sau ɗaya a mako. Mu kuwa muna cikin gari, mu ke riga kowa isa tasha.

Wata safiya ina zaune kusa da taga, zan kai rediyona gyara Tambuwal. Mota ta cika, sai ga wata tsohuwa, aminiyar marigayiya mahaifiyata, ta dogaro sanda tun daga ƙauyensu, katin asibitin ido ƙulle a bakin zane. Direba ya ce, "Inna, babu wuri." Ta leƙo ta taga, ta gane ni.

"Ɗana, kai ma asibiti za ka? Allah shi sawwaƙe."

Na ce amin. Ban tashi ba. Na tura rediyon cikin babbar riga, mota ta ja.

Daga baya na ji kaza ta sayar ta hau babur ɗin kabu-kabu, a hanyar nan mai gargada. Da mako ya zagayo na miƙa wa direba kuɗin mota, ya karɓa bai dube ni ba. Abokaina suka ce ina neman ɓata musu tsari, ni kuma ban iya cewa a janye takardar ba. Kafin damina motar ta tsaya gaba ɗaya.

Tsohuwar ta ƙara shekara biyu a duniya. Duk inda muka haɗu sai ta tambaye ni ya jiki, ni kuma in ce da sauƙi.