Hannun Daman Sabo Maƙeri

Shekara bakwai ke nan da muka kai Sabo Maƙeri makwancinsa a Burumburum. Aminina ne tun ƙuruciya. Kullum bayan magariba kowa kan fito da tuwon gidansa, mu zauna ciyayya da sauran maƙwabta a ƙofar gidan liman.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ta ɗauke masa hannun dama. Ƙira ta tsaya, ya daure. Abin da ya karya shi loma ce. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa kai hagu baki ba, ya ce ba zai fara a gaban jama'a ba. Na roƙe shi, liman ya ce lalura ce, babu laifi. Sai ya ce mini, "Malam Audu, Allah ya yafe, na sani. Idon mutane fa?" Haka ya koma ci shi kaɗai a zaure har ya rasu. Taurin kai gare shi kamar uwar maƙerarsa.

Kwanan baya na ji wani likita a rediyo yana cewa a ƙasashen waje ana gwada wani magani. Akwai ƙwayoyin halitta masu gyara inda ya lalace a jiki, sai a haɗa su da ɓurɓushin da ido ba ya gani, wani ma na ƙarfe ne, a ja su da maganaɗisu zuwa inda ƙwaƙwalwa ta samu rauni. Ya ce yawanci a kan ɓeraye ake gwadawa tukuna. Na yi dariya ni kaɗai. Da Sabo na nan, cewa zai yi, "Ashe dai sai an dawo wurin ƙarfe." Sannan ya tambaya ko ɓeran ya koma ci da dama.

Ba neman ilimi ya sa na kasa kunne ba. Bara ciwon ya taɓa ni, damata ta yi nauyi, ni ma na shige zaure. Kaɗaicin wurin nan ba ya faɗuwa. Kana jiyo hirarsu ta katanga, tuwo yana huce maka a gaba. Kuma na san maganin nan ba zai riske ni ba.

Fartanyun Sabo har yau suna noma daga nan har Doguwa, amma ni tsoronsa na gada. Makon jiya na gaji, na fita da kwanona, na ci da hagu, kaina a sunkuye. Da na ɗago, gardamar taki suke ta yi, ko mutum ɗaya bai dube ni ba. Nan Sabo ya faɗo mini a rai.